Wai akwai damisa a duwatsun Damagaram?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun shekaranjiya ake ta yawo da wani saƙon murya a WhatsApp, wai damisa ta addabi wani ƙauye gabas da Damagaram, ta kashe awaki uku cikin mako guda. An haɗo da hoton sawu a kan rairayi da hoton damisa kwance bisa reshe, ga su nan na turo. Masu sani, shin damisa tana iya zama cikin irin duwatsun nan namu? Kuma ita da zaki da ire-irensu, a ina suka rage a duniya yanzu?

Malam na Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Hoton damisar dai a ajiye shi gefe. Ciyawar da ke ƙarƙashin itacen kore ce shar, mu kuwa muna tsakiyar rani, ba hoton ƙasarmu ba ne. Hoton sawun shi ne abin dubawa, kuma ba sawun damisa ba ne. Ka buɗe shi da kyau, gaban kowane yatsa akwai ɗan rami na farce. Damisa da zaki da kyanwar gida duk suna maida farcensu ciki idan suna tafiya, ba ya taɓa ƙasa sai in santsi ya ɗebe su. Sannan ka dubi babban tafin da ke bayan yatsu huɗun. Na dangin kyanwa yana da tudu uku a gefensa na baya, kamar an dangwala yatsu uku cikin ƙullu. Na kura da na kare tudu biyu ne. A hoton nan biyu ne, tafin ya ɗan karkace, yatsun kuma dogaye ne masu lanƙwasa kamar ƙwayar wake, sun matse juna. Kura ce ta taka wurin.

Baba Sarkin Baka:
Malam, a kan sawun ba mu da gardama, na kura ne. Amma kada yaran nan su tashi da cewa damisa sai kurmi. Ba haka ba ne. Damisa ƙi sabo, kirarinta ke nan, kuma kakanninmu ba a littafi suka koyo shi ba, a dajin ƙasar nan suka san ta. Abin da take nema uku ne: wurin ɓuya da rana, abin da za ta kama da dare, da inda za ta ɓoye ƴaƴanta. Kogon dutse ya ishe ta duka ukun in akwai rema da biri da zabo da zomo kusa. Tana iya shekara a bayan gari ba wanda ya sa ta a ido. Ana gane ta ne da alamu: karcen farce a jikin itace sama da tsayin ƙugun mutum, kashi cike da gashi a kan hanya, da kukanta na tsakar dare wanda bai yi kama da rurin zaki ba ko kaɗan, ji za ka yi kamar kafinta na yanka katako da zarto, ja da turawa, sau goma ko fiye, sai shiru.

Malam na Zango:
Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiyarka. Cikin manyan dangin kyanwa babu wadda ta kai damisa iya zama ko'ina. Tana kurmin Kwango, tana hamadar Kalahari, tana duwatsun Iran, tana Indiya da Sri Lanka da tsibirin Java, har gabashin Rasha inda ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni. A 1926 an tarar da gawar wata can kusa da ƙolin dutsen Kilimanjaro, sama da mita 5,000. A birnin Mumbai akwai gandun daji mai faɗin murabba'in kilomita 100 da ɗoriya, gidaje sun kewaye shi, damisoshi suna fitowa da dare suna kama karnukan titi.

Sai dai iya zama daban, samuwa daban. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna damisa ta rasa kashi 63 zuwa 75 cikin 100 na ƙasar da take zaune a da, a Afirka ta Yamma kuwa asarar ta kai kashi 86 zuwa 95. Dalilin yana cikin lissafin abinci. Damisa babba tana buƙatar nama wajen kilo 3 a rana, wato sama da kilo 1,000 a shekara. Ta fi son dabba mai nauyin kilo 10 zuwa 40, kamar gada da mazo da ɗan gadu. In ka cire ƙashi da fata da tumbi, abin da take ci a dabba mai kilo 25 bai wuce kilo 16 ko 17 ba, ka ga tana bukatar irin wannan dabba wajen 60 a shekara. Kuma ba za ta ci 60 daga garken 60 ba, dole a samu iyayen da ke haihuwa suna cike gurbi. Masana suna da ƙiyasin cewa kilo 10,000 na dabbobin da ake farauta shi ke ɗaukar nauyin kilo 90 na mai farautarsu. Damisa biyu ke nan masu kilo 45. To a duwatsun da ke kewaye da mu, gonakin hatsi sun kai har gindin dutse, ina gada ɗari biyu da za su riƙe damisa ɗaya? Dutsen yana nan yadda kakanni suka bar shi, naman ne ya ƙare.

Baba Sarkin Baka:
Ka manta da awaki da karnuka, Malam. Su ma nama ne, kuma kai ka kawo misalin Mumbai.

Malam na Zango:
Ban manta ba Baba. Bambancin shi ne, damisar da ta koma cin awaki a ƙasa irin tamu ba ta daɗewa, guba ko tarko ko bindiga sai ɗaya ya same ta. Kuma guda ɗaya ba zuri'a ba ce. Ciki kwana 90 zuwa 105 ne, ta haifi biyu ko uku, su zauna da ita shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, da yawa ba sa kaiwa. In za a ce wuri yana da damisa, sai an samu mata da yawa, kowace da yankinta, da maza masu kewaya su. Inda ake da tabbacin haka kusa da mu shi ne haɗakar gandayen W da Arli da Panjari tsakanin Nijar da Burkina Faso da Benin, sai Gashaka Gumti a jihohin Taraba da Adamawa a Najeriya, sai gandayen Benuwe a arewacin Kamaru, sai Zakuma a Cadi. Kowanne ɗaruruwan kilomita ne daga nan.

Hajiya Likitar Dabbobi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni gawar akuyar nake so a duba, domin sawu iska na share shi, gawa kuwa tana faɗin wanda ya kashe ta. A feɗe fatar wuya a hankali daga ƙasan haɓa zuwa ƙirji, a juya ta a dubi ciki. In akwai jini da ya taru ya yi baƙi kewaye da hujin haƙori, dabbar tana da rai aka cije ta. In huji ne fari ba jini, mushe aka tarar aka ci, kuma wannan yana faruwa fiye da yadda masu dabbobi ke zato: akuya ta mutu da ciwo ko ta ci leda, kura ta zo ta ɗauki laifi.

Sai a auna tazarar huji biyu na fiƙa. Na damisa santimita 4 zuwa 5 ne, a maƙogwaro ko ƙeya, cizo ɗaya tsaf, sau da yawa da karcen farce a kafaɗa. Na karakal, wato jar kyanwar dajin nan mai baƙin gashi a tsinin kunne, santimita 2 da rabi zuwa 3, ita ma a maƙogwaro, kuma ƴan awaki da ƴan tumaki take kamawa. Damisa tana jan gawar zuwa ƙarƙashin duhuwa ko ta hau da ita itace ta saƙale a gwafa, tana fige gashi kafin ta ci, tana fidda hanji ta ajiye gefe, ta dawo kwana biyu ko uku tana ci. Kura ba ta da wannan tsari. Tana fizgar ciki da gindi, ta murƙushe manyan ƙasusuwa, ta tafi da ƙafa ko kai, kashinta in ya bushe fari ne fat saboda ƙashin da ta ci. Karnuka su ne mafi muni: cizo barkatai a cinya da kunne da hanci, su raunata biyar su ci kaɗan. Wanda zai taɓa irin wannan gawa ya sa leda a hannu, musamman in ana zargin kare, saboda ciwon haukan kare.

Ɗan Tasker:
Jama'a kuna ta neman damisa a kudu, alhali abin da jiharmu take da shi ya fi damisa wuyar samu a duniya. Rabbi nake nufi, na hamada, wanda ke dutsen Termit. Abzinawan duwatsun Hoggar na Aljeriya suna ce masa amayas. Mutane da yawa in sun ga hotonsa damisa suke cewa, amma ba su haɗa komai ba sai dabbare-dabbare. Ɗigon rabbi baƙi ne cikakke kamar an ɗiga tawada, na damisa zobe-zobe ne mai fili a tsakiya. Rabbi yana da baƙin layi daga ƙwayar ido zuwa gefen baki kamar hawayen kwalli, kansa ƙarami, ƙafafu dogaye, ciki a ɗame. Kuma shi kaɗai ne zai ɓata ƙa'idar da Malam ya kawo, domin farcensa ba ya komawa ciki duka: sawunsa yana da tudu uku irin na kyanwa, ga kuma farce irin na kare.

Na hamada ya fi na gabashin Afirka ƙanƙanta da haske, gashinsa gajere, kusan fari, ɗigon ya kan dushe zuwa ruwan ƙasa. A 2008 ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu ta duniya ta sa shi cikin waɗanda ke bakin ƙarewa, da ƙiyasin cewa manyan ba su kai 250 ba a duk arewa maso yammacin Afirka. A 2010 ne kyamarar tarko, mai ɗaukar hoto da kanta in dabba ta gitta, ta ɗauki hotonsa a Termit da dare, hoton ya zaga duniya, kuma masu binciken sun ƙiyasta waɗanda ke wurin ba su kai goma ba.

Yadda yake rayuwa a wurin da ruwan sama bai cika kai milimita 100 a shekara ba, shi ne abin mamaki. Ba ya jiran rijiya, ruwan da ke cikin jini da naman abin da ya kama shi ke riƙe shi. Da rana yana kwance a inuwar kandili ko aduwa ko cikin kogo, ya fito in ƙasa ta huce. Abincinsa barewa da zomo, da ƴaƴan ragon dutse, da mena, babbar barewar nan wadda ƙungiyar ƙwallonmu ta ƙasa ta ari sunanta. A Hoggar ta Aljeriya an auna, an samu ɗaya yana kewaya murabba'in kilomita sama da 1,500, kuma a murabba'in kilomita 1,000 ba a samun ko guda ɗaya cikakke a lissafi. Shi ya sa ƙaramin gandu ba ya yi masa amfani. Gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012 ya kai murabba'in kilomita 97,000 a lokacin, yana cikin mafi girma a Afirka, kuma irin wannan faɗin ne kawai ke iya riƙe dabba mai irin wannan yawo.

Ɗaliba daga Sabon Gari:
Kawu, in gandun ya kai haka girma, me ya hana su yawaita?

Ɗan Tasker:
Ƴata, faɗi a takarda ba ya cika ciki. Barewa ce ginshiƙi, kuma ita ake bi da mota da babur har ta faɗi don gajiya, a kashe goma a yini guda. Inda barewa ta ragu, rabbi ya koma kan ɗan raƙumi ko akuya, makiyayi kuma ya bi sawunsa. A rairayi bin sa ba wuya, domin gudunsa na kusan kilomita 100 a awa ba ya wuce ƴan ɗaruruwan mita, bayan nan sai haki, mai raƙumi da haƙuri yana cim masa da tsakar rana. Ga kuma aikin man fetur na Agadem da ya fara a 2011, wanda bututunsa ke kawo ɗanyen mai matatar SORAZ a nan kusa da mu. Hanyoyin mota sun ratsa inda da sai ayari. A ƙidayar 2016 addaks uku kacal aka gani, farin ƙanki na hamada wanda Tin Tumma ce mafakarsa ta ƙarshe a daji. A 2018 gwamnati ta damƙa kula da gandun ga ƙungiyar Noé mai kare namun daji, a 2019 kuma aka sake shata iyakarsa aka fidda ɓangaren da rijiyoyin mai suke. Ba ina cewa a bar mai a ƙasa ba, ƙasa tana bukatarsa. Ina cewa duk hanyar da aka buɗe, in ba a sa mata shinge da mai gadi ba, mafarauci ne ke fara cin moriyarta.

A duniya ma gaba ɗaya rabbi wajen 7,100 ya rage bisa ƙiyasin 2016, a kashi 9 cikin 100 na ƙasarsa ta da, mafi yawa a Namibiya da Botswana da Kenya da Tanzaniya. Na Asiya sai a Iran kawai, ba su kai 50 ba. Indiya ta ayyana ƙarewar nata a 1952, sai a 2022 ta ɗauko takwas daga Namibiya ta saki a gandun Kuno.

Ɗaliba daga Sabon Gari:
Na gode Kawu. Wata tambayar: wannan mai zane-zane dogaye da ake nunawa a talabijin, ita ma damisa muke ce mata. A wane dajin Afirka take? Da kuma baƙar damisa.

Malam na Zango:
Taiga ke nan, kuma babu ita a dajin Afirka ko ɗaya, ƴar Asiya ce. Hausa ba ta da suna nata domin ba mu taɓa zama da ita ba. Indiya ke da mafi yawa, 3,682 a ƙiyasin 2022, sauran suna Nepal da Bangladesh da Rasha da Sumatra da wasu ƴan wurare. Jaguwa kuma ta nahiyar Amurka ce, daga Meziko zuwa Ajantina, ta fi yawa a Amazon da fadamar Pantanal, zobenta yana da ɗigo a tsakiya, tana son ruwa, tana kama kada. Puma, ita ma babbar kyanwar dajin nahiyar Amurka ce, daga Kanada har kudancin Chile. Damisar ƙanƙara a tsaunukan ƙasashe 12 na tsakiyar Asiya, galibi tsakanin mita 3,000 da 4,500. Baƙar damisa ba wani iri ba ne daban, damisa ce ko jaguwa da baƙi ya rinjayi gashinta, in haske ya doke ta a karkace za ki ga zobban suna nan.

Ardo:
Malam, ka yi ta zagaya duniya ba ka taɓo manyan dawa ba. Mu makiyaya zaki muka fi sani, kuma masu kai shanu kudu ta wajen Say da Tamu har yanzu suna gamuwa da shi.

Malam na Zango:
Ranka ya daɗe, na ajiye shi ne don ya fi ciwo. An yi shekara shida ana bin gandaye 21 a Afirka ta Yamma inda ake zaton akwai zaki, aka fidda sakamako a 2014: wurare huɗu kawai aka same shi. Niokolo Koba a Senegal, Kainji da Yankari a Najeriya, sai haɗakar W da Arli da Panjari. Duka-duka wajen 400, manya masu haihuwa ba su kai 250 ba, a kashi 1 cikin 100 na ƙasarsu ta da. Kusan kashi 90 cikin 100 nasu suna haɗakar nan tamu. Ɓangaren Nijar na W hekta 220,000 ne, an mai da shi gandun ƙasa a 1954, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, sunan kuma daga lanƙwasar kogin Kwara ne a wurin, mai kama da harafin W. Zakin yana bin kogunan Mekuru da Tapowa, domin da rani nan ɓauna da gwanki da kanki da maraya ke taruwa.

Zaki ba ya iya abin da damisa ke yi. Zakanya tana bukatar nama wajen kilo 5 a rana, namiji 7, kuma a garke suke, zomo da zabo ba za su riƙe su ba, sai manyan dabbobi. Ba ya ɓuya kuma, rurinsa ana jin sa daga kilomita 5 ko fiye. Shi ya sa duk inda mutane suka yawaita shi ke fara ɓacewa. Namu na yamma gezarsa ƙarama ce, wani ma kusan babu, garkensa ƙanana, kuma binciken jini ya nuna ya fi kusa da zakin Indiya a kan na Kenya da Afirka ta Kudu. Na Indiyan a dajin Gir da kewayensa kawai yake a jihar Gujarat, sun kai 674 a ƙidayar 2020, bayan sun taɓa komawa ƴan kaɗan ƙwarai. Wato ana iya dawo da su in an tsaya. Matsalar W yanzu ita ce rashin tsaro na ƴan shekarun nan, wanda ya hana ma'aikatan gandun daji sintiri da ƙidaya yadda ya kamata.

Ardo:
To bari in faɗi ɓangarenmu, don kada a ce makiyayi mugu ne kawai. Burtali ya toshe da gonaki, ciyawar rani tana cikin gandu, saniya ɗaya kuma dukiyar gida ce. Amma guba ba magani ba ce, wannan kowane ardo mai hankali ya sani. Ana barbaɗa maganin ƙwarin gona a kan mushe, zakin da ya kashe da wanda bai kashe ba su ci, kura ta ci, dila ya ci, ungulu hamsin su sauka su mutu a wuri ɗaya, karen garke ma ya tafi. Bayan nan mushe ya riƙa ruɓewa a bakin rijiya ba mai ɗauke shi. Abin da ke aiki sananne ne: a dawo da dabbobi kafin faɗuwar rana, kada a sake su sai rana ta fito sosai, babban mutum ya bi su ba yaro ɗan shekara takwas ba, a kauce wa bakin ruwa mai duhuwa da asuba da magariba, a ƙirga su kullum a bakin garke, domin wadda ta kwana a waje ita ce ake ci.

Hajiya Likitar Dabbobi:
Ardo ya faɗi gaskiya. Akwai wata dabara da aka gwada a Botswana, aka wallafa a 2020: zana idanu biyu da fenti a ɗuwawun saniya. Cikin shekara huɗu, shanu 683 masu idanun ba a kashe ko ɗaya ba, cikin 835 marasa fenti an kashe 15. Zaki da damisa masu kwanton ɓauna ne, in suka ga kamar an gan su sai su fasa. Amma kada a kai wannan ƙauyen da ake magana, kura ba ta kwanto, ido a gindin akuya ba zai dame ta ba. Sannan fentin yana gogewa cikin ƴan makonni, sai an sabunta.

Ina kuma roƙon masu sayen fatar damisa da kitsen zaki a kasuwa su sani, doka mai lamba 98-07 ta 1998 ita ke tsara farauta da kare namun daji a Nijar, kuma yarjejeniyar CITES ta hana cinikin fatar damisa da ta rabbi tsakanin ƙasashe. Guntun fata mai faɗin tafin hannu da ake ɗinke laya da shi, daga jikin ɗaya daga cikin ƴan kaɗan ɗin nan aka yanko shi.

Mai Kyamara:
Ga masu son tabbaci maimakon ji-ta-ji-ta, ga yadda ake kafa kyamarar tarko. A ɗaure ta a itace ko turke santimita 40 zuwa 50 daga ƙasa, daidai kafaɗar dabbar, mita 3 zuwa 4 daga hanyar da take bi. Ga damisa biyu ake sawa suna fuskantar juna, a ɗan goce kaɗan don hasken ɗaya kada ya makantar da ɗaya, saboda zanen gefen dama daban yake da na hagu, kuma da zanen ake gane kowace, kamar zanen yatsa. In ƙidaya ake so, a jera tashoshi kilomita 2 zuwa 3 tsakani, a bar su wata biyu zuwa uku. In aka wuce haka, haihuwa da mutuwa da ƙaura sun shiga, lissafi ya lalace.

Abin da ke ɓata aiki a ƙasarmu: in ka fuskantar da ita gabas ko yamma, fitowar rana da faɗuwarta za su cika maka kati da farin hoto, don haka arewa ko kudu. Ciyawa ɗaya da iska ke kaɗawa a gabanta tana iya cinye batir cikin kwana biyu, a share gaban tas. Babbar matsala ita ce zafi. Idon kyamarar bambancin ɗumin jikin dabba da na wurin yake ji, to in iska ta kai digiri 37 ko 38 kamar watan Afrilu da Mayu, dabba za ta wuce ba ta gan ta ba. Aikin sanyi ne, Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai a riƙa goge ƙurar hunturu a gilashin. A sa batir na litiyam, a toshe kafofi saboda tururuwa da gara, a kuma sanar da mai gari da makiyaya tun farko, in ba haka ba a cire ta don tsoro. Kura ma tana tauna ta in an taɓa ta da hannu mai ƙanshin nama. Zaki kuwa ba shi da zane, da ɗigon gindin gashin baki ake gane shi, ko a kira shi da lasifika da dare da kukan ɗan ɓauna, a ƙirga waɗanda suka zo.

Baba Sarkin Baka:
Ƙauye ba shi da kyamara, ɗana, amma yana da tsintsiya. Da magariba a share rairayi kewaye da garken faɗin taki biyu, a yayyafa ruwa kaɗan ya kwanta, kada kowa ya taka. Da asuba kafin a saki dabbobi a duba. A ajiye kwalin ashana kusa da sawun, a ɗauki hoto daga sama tsaye, ba a karkace ba, lokacin da rana ke ƙasa-ƙasa inuwa ta fito da shi. A ɗauki na gaba da na baya duka. Ɗan Birni, ka aika musu da wannan.

Ɗan Birni:
Baba, an yi yadda ka ce, ga hotunan safiyar yau. Sun ce sawu ya zagaya garken sau biyu, ya tsaya a ƙofa, akwai tono a ƙarƙashinta. Na gaba ya kusa tsawon kwalin ashana biyu, na baya ya fi shi ƙanƙanta sosai, duka da farce.

Baba Sarkin Baka:
Sayaki ne, kura mai zane, guda ɗaya. Ita ce ƙafarta ta gaba ke fin ta baya girma haka. Mushe ta fi ci, ƙofa ce ta ba ta hanya. Kada su ɓata ƙarfi wajen ƙara wa shinge tsawo, wannan maganin damisa ne mai tsalle. Kura ta ƙasa take shiga. Su haƙa rami zurfin kamu biyu a bakin ƙofar da duk inda shingen ya ɗaga, su binne waya ko su jera duwatsu, ƙofar ta zama ta katako ko langa-langa mai sakata, ba reshen ƙaya da ake jawowa ba. Ƙayar shingen a juya kaifinta waje, kaurinta ya kai taki ɗaya. Su daina zubar da mushe da kayan ciki a bayan gari, a binne da zurfi, shi ke kiran ta tun farko. Hajiya, in an sami gawar akuya ta ukun, a duba wuyan kamar yadda kika ce.

Hajiya Likitar Dabbobi:
To Baba. Ɗan Birni, ka ce su kai rahoto ofishin gandun daji mafi kusa da hotunan nan, kuma su rufe gawar da buhu a inuwa kada karnuka su taɓa ta kafin a zo.